Ƙwan Zabi a Bayan Injin Surukina

Ba zan taɓa mantawa ba da daminar da na je wankan jegon autata Zali a Dogon Dutsi. Ni mutuniyar wani ƙauye ce kusa da Kore Mairuwa, kuma in kun je can kunka tambaya za a gaya muku ba a sa ranar biki a unguwarmu ba a ji ta bakina ba. Ban shiga lakwal ba, makarantar boko ke nan, ban san baƙi ko ɗaya ba, amma ban taɓa jin na rasa wani abu ba. Mace ta kasa haihuwa, ni. Yaro na firgita cikin barci, ni. Da wannan girman kai na hau mota tare da ƙullin kayana, kuma shi ya kai ni inda zan ba ku labari.

Mijin Zali (sunansa ba ya fita bakina, suruki ne, sai ku yi haƙuri da "mijin Zali" har ƙarshe) yana aikin ordinata, wato kwamfuta, a wata ƙungiya mai raba wa manoma iri da yi wa dabbobin makiyaya allura. Gidan da ƙungiyar ta kama haya kashi biyu ne. Gaba biro, wato ofis, baya kuma inda anka ba shi ya zauna da iyalinsa don ya riƙa lura da injuna. Bai daɗe da samun aikin ba, gwada shi ake yi tukuna. Ke nan in aikin ya tafi, ɗakin da Zali ke kwance da jaririnta shi ma ya tafi.

Ni da shi ba mu hira. Gaisuwa ce ya durƙusa daga nesa, in amsa ina kallon wani gefe. In akwai maganar da ta zama dole, jariri muke gaya wa. In ɗauki yaron in ce, "Angona, ka gaya wa ubanka itacen wanka ya ƙare." Shi kuma daga bakin ƙofa ya ce, "Ka gaya wa kakarka an ji." Haka muka tarar ana yi, kuma ban ga aibinsa ba.

To, cikin kayan da na zo da su akwai ƙwan zabi. Zabina ba irin na kasuwa ba ne, daga uwata na gaje su, manya ne masu fari a ƙirji, kuma na yi niyyar in kafa wa Zali garkenta. Na aro kaza mai kwanci wurin maƙwabta na sa mata ƙwan. Ta zauna lafiya har ranar suna. Ranar nan hayaniyar mata da kiɗan ƙwarya sunka firgita ta, ta tashi, ta ƙi komawa ko da na kife ta da kwando. Duk unguwar babu wata kaza mai kwanci. Ga ƙwai ya fara ɗaukar rai, ga sanyin safiyar damina.

Tsakanin biro da cikin gida akwai wani ɗan ɗaki mai ƙofa biyu, ɗaya ta wajensu, ɗaya ta wajenmu. Makullin tamu na rataye a ƙusa kusa da randa. Na shiga neman inda zan ajiye ragowar goron suna, sai na ga wani baƙin akwati bisa benci, bai kai tukunyar miya girma ba, yana ƙifta koren ido yana gurnani a hankali. Na sa hannu bayansa na ji iska mai ɗumi na fita, kamar numfashin ɗan maraƙi. A bayansa daidai kuma akwai alkuki a bango, irin wanda ake ajiye fitila a da. Na cusa hannu cikin alkukin, na fito da shi na kara a kumatuna. Ɗumin ƙarƙashin fiffiken kaza ne sak. Kuma ɗakin ba ya rasa wuta, don akwai fano, farantin wutar rana, bisa rufi da manyan batura a ƙasa.

Ni a tunanina akwatin nan wani abu ne na wutar rana. Ban tambayi kowa ba (wa zan tambaya, surukina?). Na jera ƙwan cikin ƙoƙo da auduga da ƙaiƙayi, na tura cikin alkukin, na kare bakinsa da kwali na bar 'yar kafa, na mayar da akwati wurinsa. Na fito ina jin ko 'yan lakwal ba su kai ni dabara ba.

Duk wanda ya san kaza ya san tana juya ƙwanta da baki. Tunda ni ce kazar yanzu, juyin ya dawo kaina. Don kada in manta sai na ɗaura shi da salla. In na sallame asuba in shiga, in na sallame azahar in shiga, haka ma magariba. In jawo akwatin gaba, wata shuɗiyar waya da ke bayansa ta miƙe har in ji ta yi ƙas, in juya ƙwaina ɗaya bayan ɗaya ina yi musu magana, in tura akwatin ya koma. Ko shan ruwa ya fi shi daɗewa.

Ba a jima ba na ga mijin Zali ya daina cin abinci kamar da. Ya shigo ya zauna bisa tabarma da ordinatarsa a cinya, tuwo ya huce a gabansa. Na leƙa sau ɗaya ta bayan Zali, na ga allon baƙi ƙirin, fararen layuka na hawa sama kamar tururuwa. Da ya fita na ce, "Ke, me ke cin mijinki?"

Ta ce, "Inna, babban injinsu ne ke kuka."

"Inji na kuka?"

"Ba da murya ba. Akwai wata ƙwaya a cikinsa, ita ke tafiyar da komai, kuma duk abin da ya same ta sai ta rubuta. Ita ce ke ta maimaita magana guda. Tana cewa na kira rumbu bai amsa ba, ina sake kira, bai amsa ba, ina sake kira. Can kuma ta ce ya dawo."

"Wane rumbu?"

"Inda suke ajiyar aikinsu duka. Sunayen manoma, hotunan dabbobi, komai. Ta waya injin ke kai kaya can yana ɗaukowa. In maganarsu ta yanke ana tsakiyar ajiya, aikin ya lalace. Jiya sakatariyarsu ta wuni tana shigar da sunayen mutanen Dumega, da azahar abin ya tsaya cak, rabi ya ɓace. Har kuka ta yi."

Da ta ce rumbu, ni abin da ya zo mini a rai wani ƙaton abu ne a Yamai ko a Doso, mai mai gadi a ƙofa. Wa zai ce rumbun ƙungiya guda bai kai tukunyar miya ba?

Yaron nan ya sha wahala, wannan na shaida. Ya cire tsohuwar waya ya sa sabuwa. Ya sake ɗan akwatin da wayoyi ke haɗuwa a ciki. Ya ce ko masu wuta ne, ya auna batura ya tarar lafiya lau. Ya ce ko ɓera ne, ya sa tarko, tarko ya kama ƙadangare. Ya kira wani abokinsa a Yamai sunka daɗe suna Faransanci, abokin ya ce ɗan aiken da ke tsakanin injin da rumbun ne ya tsufa, wanda suke ce wa pilot, a sa sabo. Ya sa sabo. Ya ƙara wa injin haƙuri, wai ya riƙa jira kaɗan kafin ya yi ƙara. Duk wanda ya gwada sai ya shigo da fara'a ya ce wa Zali ya ga alamar an dace. Ni kuwa in sallame magariba in ɗauki makulli.

(Za ku ce yaya bai ga ƙwan ba da ya sake waya. Hannu ya zura ta baya ya zare ya soka, ya ga kwali a bango ya ɗauka na toshe ramin ɓera ne. Ni ma da na ga wayar ta koma ruwan toka, cewa na yi yaron nan akwai tsafta.)

Ana nan sai direktansu ya kira daga Doso. Zali ta ji rabin maganar ta tagar ɗaki, ta zo ta zauna kusa da ni tana shafa kan jariri. Ta ce direkta ya ce zai zo da kansa, in ba a gano abin ba za a kawo wani daga Yamai ya karɓi wurin. Ta ce, "Inna, ina za mu da ɗanyen jego?"

Nan fa na ga lokacina ya yi. Gidanmu na asali gidan masu iska ne. Mun riƙe salla tun ina yarinya, amma abin da kunne ya ji a ɗakin kaka ba ya fita. Na sa Zali ta tambayo mini abu guda: yaushe injin ke kukan? Ta dawo ta ce shi ma abin da ya lura da shi ke nan, don ƙwayar na rubuta lokacin kowace magana. Ta ce ba ya yi sai bayan asuba, bayan azahar, da bayan magariba.

Na ajiye muciyar da ke hannuna. Na ce, "Shi ke nan. Waya ta san lokacin salla? Ɓera ya san lokacin salla? Doguwa ce. Tana jira mutane su shagala da ibada ta ratsa."

Da ma a nan na tsaya da sauƙi. Amma mata na zuwa barka kullum, kuma duk wadda ta zauna sai na ba ta labari. Na ce musu 'yan boko sun kashe kuɗi sun kira Yamai, ni ina zaune bakin murhu na gano. Na ce tsamiyar da ke bayan gidan ba banza take ba, tun ranar da na sauka na ji jikina. Wata tsohuwa daga Tibiri ta ce ita ma ta ji nauyi da ta wuce ƙarƙashinta. Na sa anka samo mini hano, turaren korar iska, na zuba a kasko, na aika da shi biro. Mijin Zali bai iya cewa a'a ba. Ya tsaya yana kallo hayaƙi ya cika musu wuri, sakatariya na tari, ma'aikata sunka fito waje da takardunsu. Da magariba ta yi injin ya sake kuka. Na ce ai mai taurin kai ce.

Ranar da direkta ya zo, da hantsi ya shigo cikin gida ganin jariri. Ina ganin dogon hancin nan na san Bafillace ne, shi ma yana jin harshena ya gane Ba'ara ce. Abokan wasa ke nan, babu kunya tsakaninmu.

Ya ce, "A'a, ashe Arawa sun ci gidan nan. Shi ya sa komai ya tsaya."

Na ce, "Injin ne ya ji Bafillace ke mulkinsa yake kuka. Ku da ba ku san komai ba sai wutsiyar saniya."

"An gaya mini kin yi mana hayaƙi. Ku dai ko tukunya ta fashe sai ku ce doguwa."

"Yi dariyarka. Ta fi ƙarfin takardunku."

Sai na ɗauki jariri, na ɗaga murya yadda mijin Zali zai ji daga bakin ƙofa. Na ce, "Angona, ka gaya wa ubanka, in yana son ganin mai wannan aiki, su yi sallarsu da wuri su zauna shiru inda abin ke faruwa. Kada su kunna fitila. In ta zo kada su yi mata magana, kada su kalli fuskarta. Su ajiye mata farin goro guda."

Mijin Zali ya ce, "Ka gaya wa kakarka da ma niyyarmu ke nan, mu zauna mu gani. Za a sa goron."

Na ji daɗin wannan amsa ƙwarai. Ni dai na san inda abin ke faruwa shi ne biro, gaban allon nan mai tururuwa.

Azahar ta yi. Na yi alwala, na yi sallata a natse, na yi wa Zali da mijinta addu'a Allah ya tona asirin duk mai hannu a ciki. Na ɗauki makulli, carbi na hannuna, na buɗe ɗan ɗakin. Da duhu-duhu kamar kullum, ban damu ba, hannuna ya san hanya. Na jawo akwati, waya ta yi ƙas. Na ɗage kwali na fito da ƙoƙo.

Na ce, "'Yan Inna, kun wuni lafiya? Ku yi haƙuri, gidan ne ba lafiya. Wata la'ananniya ce ta hana uban gidan barci."

Sai wani haske ya tashi a bayana. Na waiwaya. A lungun ƙofa, tsakanin batura, mutum biyu na zaune a ƙasa. Mijin Zali ya buɗe ordinatarsa, fararen layukan nan na hawa. Kusa da shi direkta ya miƙe dogayen ƙafafunsa. A gabansu, bisa 'yar takarda, farin goro guda.

Ina tsaye, ƙoƙo a hagu, ƙwai guda da carbi a dama. Mijin Zali ya dubi allo, ya dubi akwati, sannan ya sunkuyar da kai ƙasa kamar shi anka kama.

Direkta ya gyara murya. Ya ce, "Sannu da zuwa. An ce kada mu kalli fuskarki, amma ki gafarce mu, ɗakin ƙarami ne." Ya tura takardar da yatsa. "Ga goronki."

Na ce, "Na zo duba ko hayaƙin ya ratso nan ne."

"Da ƙwai a hannu?"

Sai kawai na mayar da ƙwan cikin ƙoƙo. Ni da ake cewa bakina ba ya mutuwa.

Sai mijin Zali ya yi abin da bai taɓa yi ba tun da ya auri ɗiyata. Ya yi mini magana kai tsaye, idonsa a ƙasa. Ya ce, "Inna, don Allah ki tura shi ya koma."

Na tura. Ya dubi allo ya ce, "Ya dawo." Ya ce, "Inna, ki sake jawowa, yadda kika saba." Na jawo. Ya juya allon wajen direkta ya ce, "Ga shi, bai amsa ba." Tura, jawo, tura, jawo. Wai sai sun tabbata. Ni mai jikoki a gari uku, ina tsaye gaban surukina da Bafillace ina tuƙa akwati kamar mai niƙa, shi kuma yana nuna wa shugabansa da yatsa yadda wayar ke miƙewa har bakinta ya saki ramin ba tare da ya fita ba. Direkta ya riƙe dariya har hawaye na zubo masa. Da ta ƙwace masa kuwa, sai da sakatariya ta buɗe ƙofar biro ta leƙo, sauran ma'aikata a bayanta.

Ya ce musu, "Ku zo ku gaisa da doguwar. Ba'ara ce, kuma kwanci take yi."

Na ɗauki ƙoƙona na fita ta ƙofarmu. Na tarar da Zali ta ji komai ta bango. Tana kwance ta dafe ciki tana cewa, "Inna, ki bari, ɗinkina," alhali ni ban ce komai ba.

Aikin dai bai tafi ba. Direkta ya ce yaron da ya bi lokacin kuka har ya zauna gadi a ƙasa ya cancanci wurinsa, da wani ne da sai ya ce a sayo sabon inji. Anka kawo kabad na ƙarfe anka kulle akwatin a ciki, makullin ƙofarmu ma ya bar ƙusa. Sakatariya ta sake shigar da mutanen Dumega tun daga farko, kuma har na bar garin in ta gaishe ni sai ta haɗa da, "Ya 'yan Inna?"

Da yammar ranar da anka kama ni ina ɗaki na ƙi fitowa, sai na ji mijin Zali bakin ƙofa. Ya ce, "Ka gaya wa kakarka na sa ƙwan fitila cikin kwali, na auna ɗuminsa. In tana so ta mayar da su ciki." Na ce, "Ka gaya wa ubanka an ji." Kaɗan ne sunka ƙyanƙyashe, sauran baragurbi. Direkta ya aiko a ba shi biyu, wai da wutar ƙungiya anka yi kwancinsu. Na aika masa da mafi rama.

Labarin ya riga ni isa ƙauye, don direban ƙungiyar na da dangi a Kore Mairuwa. Na sauka mota wata sa'ata ta tare ni tana tambaya ko na bar tsamiyar lafiya. Na ce lafiya lau take, na wuce.

Har yau ana zuwa neman shawarata, ba a daina ba, ni ma ban daina bayarwa ba. Sai dai yanzu in anka kawo mini wata damuwa anka ce a gano mai hannu a ciki, ba na saurin kiran sunan kowa, mutum ko iska. Nakan fara tambaya yaushe abin ke faruwa. In an gaya mini, sai in tsaya tukuna in tuna ni ina nake a wannan lokacin.